Kayan Sarki da Rigar Gida: Tunawa da Ɗan Sanda Ahmed Merabet

Sanin kowa ne cewa idan aka yi zaman makoki a ƙasarmu akwai kalmomin da ba a rasa ji. Za a ce marigayi mutumin kirki ne, ya riƙe aikinsa tsakani da Allah, ya riƙe iyalinsa da danginsa, Allah ya jiƙansa. Mun saba da waɗannan kalmomi har sun zama tamkar gaisuwa, ana faɗa ana amsawa ba tare da an tsaya an auna nauyinsu ba. Amma idan mamacin ɗan sanda ne, sai ka ga an ɗan yi jim kafin a yi yabon, wani ma ya sunkuyar da kai, domin a zuciyar yawancinmu ɗan sanda da mutumin kirki ba su cika zama a kan tabarma ɗaya ba. Wannan jim ɗin shi ya sa muka ɗauki alƙalami. Muna son mu tambayi kanmu: me ake nufi idan aka ce mutum ya riƙe aikin ɗan sanda da amana, kuma ya riƙe gidansu da amana? Halaye biyu ne da suka haɗu ga mutum ɗaya bisa katari, ko kuwa hali ɗaya ne da ke fita aiki da safe ya komo gida da yamma?

Da yake irin wannan tambaya ba ta amsuwa a iska, mun zaɓi rayuwar mutum guda mu ɗora ta a kai. Mutumin ba ɗan ƙasarmu ba ne, amma ya rasu cikin wani al'amari da tartsatsinsa ya iso har ƙasar Hausa, kamar yadda mai karatu zai gani a gaba.

Wane ne Ahmed Merabet?

Ahmed Merabet ɗan ƙasar Faransa ne, Musulmi, iyayensa 'yan asalin Aljeriya. Gidansu yana Livry-Gargan, wani gari da ke bayan birnin Faris ta arewa maso gabas, cikin yankin da ya tara 'ya'ya da jikokin mutanen da suka taso daga ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka. Mahaifinsa ya rasu tun yana saurayi, daga nan nauyin mahaifiyarsa da 'yan'uwansa ya hau kansa. Ya yi shekara takwas yana aikin ɗan sanda, kuma yana cikin masu sintirin unguwa a gunduma ta 11 ta birnin Faris. Dab da rasuwarsa ya ci jarrabawar zama jami'in bincike, wato ke nan yana shirin barin sintirin titi.

Ranar Laraba, 7 ga Janairu, 2015, da hantsi, wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, Said da Cherif Kouachi, suka shiga ofishin mujallar nan Charlie Hebdo, wadda ta sha buga zane-zanen ɓatanci ga Annabi (SAW), suka buɗe wuta. Da suka fito za su tsere, sai suka yi kiciɓis da Ahmed a titin Richard-Lenoir, shi da ƙaramar bindigarsa ta aiki, su kuwa da manyan bindigogin yaƙi. Suka harbe shi ya faɗi a gefen titi. Yana kwance cikin rauni, ya ɗaga hannu, ɗayansu ya matso ya ƙarasa shi da harbi a ka. Mutum 12 aka kashe a wannan hari, biyu daga cikinsu 'yan sanda ne. Ahmed ya bar duniya yana da shekara 40.

Wani mazaunin unguwar ya ɗauki hoton bidiyon abin da ya faru ta tagarsa, kafin wani lokaci hoton ya zagaya duniya, har iyalan mamacin suka gani da idonsu. Bayan kwana uku, ɗan'uwansa ya tsaya gaban 'yan jarida a madadin iyali. Ya bayyana Ahmed a matsayin ginshiƙin gidansu, wanda ya ɗauki kula da mahaifiyarsu da danginsa tun rasuwar mahaifinsu shekara 20 da suka wuce, mai alfahari da sunansa da aikinsa. Ya roƙi mutane kada su haɗa Musulmi da masu kisa a kwando ɗaya, kada kuma a ƙona masallatai ko wuraren ibadar Yahudawa da sunan ramuwa. Ya kuma yi kuka da waɗanda suka yi ta yaɗa hoton, ya ce ya gane muryar ɗan'uwansa a ciki, kuma kullum yana jinta. Ranar 13 ga watan, Shugaba Hollande ya ɗora lambar girmamawa mafi daraja ta ƙasar a kan akwatin gawarsa, tare da na wasu 'yan sanda biyu da aka kashe a waɗannan kwanaki, sannan aka yi masa salla aka binne shi a maƙabartar Musulmi ta Bobigny.

Ga rayuwar ke nan a taƙaice. Sai dai duk wanda ya ce zai yabi wannan bawan Allah, akwai tambayoyi uku da za su tare masa hanya, kuma ba mu ga amfanin kewaye su ba.

Rigar da ke da tarihi

Tambaya ta farko ita ce: yaya ɗan mutanen Aljeriya zai sa kayan 'yan sandan Faris har ya yi alfahari da su? Wanda ya san tarihi ba zai raina wannan tambaya ba. Ranar 17 ga Oktoba, 1961, ana tsakiyar yaƙin neman 'yancin Aljeriya, dubban 'yan Aljeriya mazauna Faris suka fito zanga-zangar lumana don nuna ƙin dokar hana fitar dare da aka ɗora musu su kaɗai. 'Yan sandan birnin, ƙarƙashin shugabansu Maurice Papon, suka far musu, aka kashe gommai, aka jefa wasu cikin kogin Seine. Sai a shekarar 2012 wani shugaban Faransa ya fito ya amsa cewa an zubar da jinin nan. Wato rigar da Ahmed ya sa, an taɓa ɓata ta da jinin mutanensa tun kafin a haife shi.

Mu kanmu ba baƙin wannan damuwa ba ne. Aikin ɗan sanda na zamani ya shigo mana ne ta hannun Turawan mulki, waɗanda a 1879 suka kafa runduna a Ikko da suka raɗa wa sunan Hausawa, don tsare cinikinsu da ikonsu. Dattawanmu kuma ba su manta da yadda aka riƙa amfani da 'yan dokar En'e wajen kamun 'yan NEPU a shekarun 1950 da 1960 ba. Ko sunan ma da muka ba shi abin dubawa ne: da sandar da ke hannunsa muka kira shi, ba da tsaron da yake ba mu ba. Saboda haka idan uba ya ce ba ya son ɗansa ya sa kayan sarki, ba daga sama ya tsinci ƙyamar ba.

To amma mu bi wannan ƙyama mu ga inda za ta kai mu. Idan duk mai tsoron Allah ya ce shi ba zai sa rigar nan ba saboda tarihinta, ai rigar ba za ta zauna a rataye ba, wani ne zai sa ta, kuma wanda zai sa ɗin shi ne wanda tarihin bai dame shi ba. Gari ba ya kwana babu mai gadi. Kafin zuwan Turawa ma akwai dogarai, akwai masu tsaron ƙofa, domin muddin akwai kasuwa akwai ɓarawo, muddin akwai mai ƙarfi akwai wanda za a danne. Abin da ya rage ga al'umma kawai shi ne ta zaɓi irin mutumin da za ta miƙa wa sandar. Mun sha jin ana cewa wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma gaskiya ne, amma babu mai hankalin da ya taɓa gyara garin ta hanyar tsame kyawawan ƙwayoyin ya bar ruɓaɓɓun. Ahmed bai wanke abin da aka yi a 1961 ba, ba shi kuma da ikon wankewa. Abin da ke hannunsa shi ne ya tabbatar cewa a tsawon shekara takwas, riga guda daga cikin dubban rigunan nan tana jikin mutumin da zai tunkari mai kisa maimakon ya zama shi. Ba a tambayar bawa abin da ya fi ƙarfinsa.

Wa yake tsarewa?

Tambaya ta biyu ta fi ta farko zafi, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Babu Musulmin da zai ji labarin zane-zanen wannan mujalla zuciyarsa ba ta ƙuna ba. Mu ma ta ƙuna, kuma har yau ba mu ga wani abin yabo a cikin cin mutuncin abin da mutane fiye da biliyan ɗaya ke girmamawa ba. To yaya za a yi Musulmi ya ba da ransa a kan hanyar tare waɗanda suka far wa irin wannan wuri?

A kwanakin da abin ya faru, wasu sun yi ta yaɗa wata magana da sunan Ahmed, wai ya mutu ne yana kare 'yancin mujallar na yi wa addininsa izgili. Wasu kuma daga ɗaya ɓangaren suka riƙa yi masa kallon wanda ya saida kansa. Duka biyun magana ce aka sa wa mamaci a baki. Abin da ya faru a zahiri ya fi wannan sauƙi. An yi harbi a unguwar da aka damƙa masa tsaronta, ga mutane biyu ɗauke da makamai a titin da mata da yara ke bi, shi kuma ya nufe su. Ɗan sanda ba zane yake tsarewa ba, ba ra'ayi yake tsarewa ba, rai yake tsarewa, da kuma ƙa'idar nan da ta hana kowane mai bindiga ya naɗa kansa alƙali ya yanke hukunci a kan titi. Malamanmu na fiƙihu ma ai sun daɗe da ajiye zartar da hukunci a hannun hukuma, saboda sun san idan aka bar shi a hannun kowa, jinin da zai zuba ba shi da iyaka. Shedar haka ga ta nan kwance a gefen titin Richard-Lenoir: waɗanda suka ce sun fito ne don kishin Annabi, sun kashe mutum mai suna Ahmed, yana cikin rauni, hannunsa a ɗage.

Mu ƙaddara akasin haka, a ce mai gadi sai ya binciki ra'ayin mutum kafin ya tsare shi. Yau ɗan sandan da ke bakin kasuwa ya ce shi ba zai kare rumfar wane ba don ba ɗariƙarsu ɗaya ba, gobe wani ya ce ba zai kare gidan wane ba don ɗan hamayya ne. Wannan shi ne ainihin laifin da muke tuhumar 'yan dokar da da shi, kuma shi ne laifin 'yan sandan Faris na 1961: sun zaɓi wanda ya cancanci kariya da wanda bai cancanta ba. Ba zai yiwu mu la'anci zaɓen a can, sannan mu nemi Ahmed ya yi shi a nan ba.

Kuma mu tuna cewa ƙa'idar da ta ɗaure shi, ita ce ke kare mu a inda mu ne marasa rinjaye. A makonnin da suka biyo bayan harin an kai farmaki kan masallatai da dama a Faransa, kuma wurin hukuma Musulmi suka kai kukansu. Ranar 15 ga Maris, 2019, wani ɗan ta'adda ya shiga masallatai biyu a garin Christchurch na ƙasar New Zealand a lokacin sallar Juma'a, mutum 51 suka rasa rayukansu. 'Yan sanda biyu ne suka bi motarsa, suka banke ta da tasu, suka cafke shi yana kan hanyar neman masallaci na uku. Ba su tsaya tambayar kansu ko sun yarda da abin da ake karantarwa a masallatan ba. Duk Musulmin da ya yi musu godiya a ranar, to ya riga ya amsa tambayar da yake yi game da Ahmed.

Babban abin koyi a nan ma yana cikin tarihin Fiyayyen Halitta kansa. Malaman sira sun ruwaito cewa a daren hijira, lokacin da Ƙuraishawa suka kewaye gidansa da nufin kashe shi, akwai ajiyar mutanen Makka a hannunsa, domin duk da ƙiyayyar da suke masa ba su da wanda suka amince wa kamarsa. Bai ce tun da sun zama maƙiya amanarsu ta faɗi ba. Sai ya bar Sayyidina Ali a baya don ya mayar wa kowa da kayansa, sannan ya biyo shi Madina. Darasin a fili yake: nauyin amana yana wuyan wanda ya karɓe ta ne, ba ya rataya ga kyawun halin mai ita.

Ina hakkin mahaifiya?

Tambaya ta uku ita ce ta fi shiga zuciya. Mutumin nan yana da tsohuwa a gida wadda shi ne madogararta. Ga shi ya ci jarrabawa, ya kusa barin titi. Da ya ɗan raɓe bayan wata mota har maharan suka wuce, wa zai zarge shi? Hausawa na cewa in ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Ga sa gudu ya zo, bai kuwa gudu ba. Ashe ke nan bai fifita baƙin da bai sani ba a kan uwar da ta haife shi ba? A nan ne ake ganin kamar kayan sarki da rigar gida kishiyoyi ne, kowace tana jan mutum ɓangarenta.

Kafin mu amsa, mu lura da wani abu da muke gani kullum a hanyoyinmu. Babu hujjar da aka fi kafawa wajen cin amanar aiki kamar iyali. Wanda ya miƙa hannu a shingen hanya, in ka zauna da shi, zai ce maka albashi ba ya kai wata, ga kuɗin makaranta, ga cefane. Wanda ya ga ana ta'asa ya kau da kai zai ce yana da 'ya'ya ƙanana. Ba mu ce ƙarya suke yi game da halin da suke ciki ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da muke cewa shi ne, son iyali shi kaɗai bai isa ya mai da mutum na kirki ba. Ɓarawo ma yana son 'ya'yansa. Su kansu 'yan'uwan nan biyu da suka kashe Ahmed, su ma 'ya'yan 'yan Aljeriya ne haifaffun Faris, su ma sun rasa iyayensu tun suna yara, kuma sun riƙe juna har suka mutu tare ranar 9 ga watan. Amma zumuncinsu a kansu ya tsaya. Da ya wuce nan, da wanda ya matso da bindiga ya tuna cewa mutumin da ke kwance a gabansa ɗan wata ne.

A ganinmu a nan amsar take. Gida shi ne makarantar farko da mutum ke koyon ɗaukar nauyin da bai zaɓa ba. Babu wanda ya zaɓi uwarsa ko ƙannensa, babu kuma wanda ke kula da su sai ranar da suka faranta masa kaɗai. Saurayin da ya wayi gari babu uba, ya ga idon kowa a kansa, ya yi shekara 20 yana cika alkawarin da ba a rubuce yake ba, ya riga ya koyi abin da ba a koyarwa a kwalejin 'yan sanda: idan aka dogara da kai, ba ka zamewa. Wanda ya ci wannan jarrabawa da gaske, idan ya fita titi sai ya ga kowace tsohuwa uwar wani ce, kowane yaro ƙanen wani ne. Wanda kuwa ya koyi rabinta kawai, sai ya ɗauka duniya duka gona ce da zai girba ya kai gida. Bature Kirk-Greene, a ɗan littafinsa na 1974 kan ma'anar mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa halaye goma, da amana a cikinsu, kuma babu inda aka raba amanar gida da ta waje, domin Bahaushe bai san wannan rabo ba. Hali zanen dutse ne. Mutumin da zai iya raɓewa bayan mota ya bar masu kisa su shige cikin jama'a, da wuya a ce shi ne wanda zai yi shekara 20 bai zame wa uwarsa ba. Ɗan da take taƙama da shi a gida, shi ne wanda ya tsaya a titi.

Sai dai kada daɗin hujja ya ɗauke mu. Duk wannan bayani ba zai mayar wa tsohuwar nan ɗanta ba. Gaskiyar da ba ta da daɗin ji ita ce, riƙon amanar ɗan sanda yana da farashi, kuma galibi iyalinsa ne ke biya: su ke kwana da fargaba idan yana aikin dare, su ke haƙuri da ƙaramin gida idan ya ƙi cin hanci, su ake bari da maraici idan bai dawo ba. Jama'a ta ci moriyar, gida guda ya ɗauki asarar. Idan haka ne, to bashi ya hau kan jama'a, kuma tunawa da mamaci ba ta cika sai an waiwayi wannan bashi.

Mu dawo gida

Mun ce tartsatsin al'amarin ya iso ƙasar Hausa. Mako guda bayan harin, mujallar ta sake buga wani zanen a bangonta. Ranar Juma'a, 16 ga Janairu, 2015, zanga-zanga ta ɓarke a Damagaram bayan salla, washegari ta kama a Yamai. Aka ƙona majami'u da dama da cibiyar al'adun Faransa ta Damagaram, kuma cikin kwana biyu mutum goma suka mutu. A cikin waɗanda suka mutu a Damagaram akwai ɗan sanda. Ba shi ya yi zane ba, ba shi ya buga ba, an tura shi aiki ne ya je. Kwana tara kacal tsakaninsa da Ahmed, amma shi da lamba labarai suka ambace shi: ɗan sanda ɗaya.

Haka ma a Kano. Ranar Juma'a, 20 ga Janairu, 2012, aka kai hare-hare kan ofisoshin 'yan sanda da na wasu hukumomi a cikin birni, hukuma ta ƙidaya mutum 185 da suka mutu, 29 daga cikinsu 'yan sanda ne. Mu da muke rubutu, mu da muke taƙama da cewa mu ne ma'ajiyar tunanin al'umma, mu nawa ne za mu iya kawo sunan mutum uku daga cikin 29 ɗin nan? Kowanensu da safiyar ranar ya fito ne daga wani ɗaki a bariki ko a cikin unguwa, an yi masa a dawo lafiya. A Faris, shekara guda bayan rasuwar Ahmed, an kafa allon tunawa da sunansa a titin da ya faɗi. Mu ba lalle sai mun kwaikwayi allo ba, muna da namu hanyoyin, amma hanyar da ba ta kai ga marayu da gwaurayen da aka bari ba, ba tunawa ba ce.

Abin takaici ma, maimakon biyan bashin, har abin da suka tara ake wawurewa. A watan Janairun 2013 wata kotu a Abuja ta sami wani babban jami'in ofishin fanshon 'yan sanda da hannu a karkatar da sama da naira biliyan 20, ta ba shi zaɓin ɗaurin shekara biyu ko tarar naira 750,000, ya zaɓi tarar. Sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wannan hukunci ta ɗaure shi shekara shida. Yanzu mu ɗauki matashin kurtu da ke tsaye cikin rana ya ji wannan labari. Wane darasi muka koya masa game da makomar mai gaskiya?

Kada kuma mu ɗora wa hukuma komai mu wanke hannunmu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke dunƙule kuɗi mu miƙa tun kafin a tambaye mu, don takardun motarmu ba su cika ba. Mu ne muke neman babban mutum ya buga waya a saki ɗanmu da aka kama da laifi, in jami'in ya ƙi mu ce ba shi da mutunci. Mu ne kuma idan sufeto ya yi ritaya bai mallaki ko fili ba, muke cewa a bayan idonsa bai iya zaman duniya ba. Sannan ranar da ya mutu mu taru mu ce mutumin kirki ne. Wannan ba ya nufin mu rufe ido ga zaluncin azzalumai daga cikinsu, dole a faɗe shi, dole a hukunta shi. Amma al'ummar da ta iya sunan kowane mugun ɗan sanda, ta kasa riƙe sunan nagari ko guda, ita da kanta take gaya wa masu tasowa wanda za su kwaikwaya.

Kammalawa

Mun fara da tambayar ko riƙon aiki da riƙon gida halaye biyu ne ko ɗaya. Rayuwar Ahmed Merabet ta nuna mana cewa ɗaya ne, wato amana, kuma amana ba ta tambayar ko mai ita ya cancanta, ba ta kuma tsayawa a ƙofar gida. Iyalansa ba su nemi a mai da shi tutar wani ɓangare ba. Sun nemi a tuna shi a matsayin ɗa da ɗan'uwa da ma'aikaci, a kuma daina zubar da jini da sunansa. Wannan roƙo bai yi tsada ba.

Saboda haka idan Allah ya sake kai mu zaman makokin wani ɗan sanda da muka san ya riƙe amana, kada mu yi jim. Mu faɗi alherinsa da sunansa a gaban 'ya'yansa, su ji daga bakin maƙwabta cewa talaucin da suka tashi a ciki ba wautar ubansu ba ce. In an watse kuma, bayan sadakar bakwai da ta arba'in, wani daga cikinmu ya koma ya tambayi uwar gidan yadda ake ciki da kuɗin makarantar yara.

Allah ya jiƙan Ahmed, ya jiƙan na Damagaram da na Kano da duk wanda ya faɗi a bakin aikin tsare rayukan bayinsa. Allah ya ba iyalansu haƙuri, mu kuma ya ba mu ikon sauke amanar da ke wuyanmu, amin.